Sadao Nukui da Injin da Ke Yankan Iska

Mijina Sadao Nukui a saman inji aka haife shi, ba kuwa zolaya nake ba. A unguwarmu ta Takaida, nan gabashin Osaka, haka gidajen suke: ƙasa injuna, sama mutane. Ranar da surukata Kiyo take naƙudarsa, mahaifinsa yana ƙasa yana sassaƙa ƙarfe. Ungozoma ta leƙa ta ce ya kashe injin ko na ɗan lokaci ne, ya ce aikin na gaggawa ne. Har gobe idan Sadao ya yi abin haushi sai surukar tawa ta ce in yi masa uzuri, tun ranar da ya faɗo duniya ƙwaƙwalwarsa ke girgiza.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga shi da tsadar magana. Lokacin da yake nemana ya sha kai ni cin taliyar udon, amma abin da na ji daga bakinsa bai wuce "da zafi, ki hura" ba. Na aure shi duk da haka, don na ga yadda yake goge hannunsa tas kafin ya taɓa kofin shayin mutane. Sana'arsa sandunan ƙarfe, irin waɗanda ke juyawa a cikin manyan injuna. Shi dai a ba shi zane da guntun ƙarfe, ya ɗaura a inji ya yi ta fere shi har ya zo daidai. Bai taɓa ganin injin da sandarsa ta shiga ba, bai kuma taɓa tambaya ba.

A layinmu babu mai gama aiki shi kaɗai. Sadao ya fere, ya ɗora a bayan keke ya miƙa wa mai huda, mai huda ya tura wa mai gasa ƙarfe, daga nan a kai wa tsoho Kumagai da shagonsa ke kallon namu, ya goge shi ya yi ƙyalli. Wani lokacin ta hannun Kumagai aikin ke shigowa ya biyo ta kanmu. Shi ya sa kowa kunnensa na ƙofar ɗan'uwansa. Shagon da ya yi shiru ba a aika masa aiki, don wa zai sa kayan mutane a ɗakin da gobe za a iya garƙame shi? Masu sayo wa manyan kamfanoni kaya ma idan sun zo wucewa sukan sauke gilashin mota su saurara.

Ban da ƙarar layin, abu ɗaya Sadao ke saurare, wato alƙaluman odar injuna. Sau ɗaya a wata, da safe, wani ofishin gwamnati kan faɗi yawan injunan da kamfanonin ƙasar nan suka yi oda, ko sun ƙaru ko sun ragu a kan na watan baya. 'Yan kasuwar hannun jari suna jiran wannan lamba, mu da muke cin shinkafa a saman inji ma muna jira. Ranar ce kaɗai Sadao ba ya sauka ƙasa da wuri. Sai ya tsaya gaban rediyo riƙe da kofinsa, ya juya mini baya.

Wata rana na ce masa, "Baban Chizuru, wai me ya haɗa ka da lissafin manya? Ko kujerar minista kake hari ban sani ba?"

Ranar ya yi doguwar magana, shi ya sa ban manta ba. Ya ce, "Kamfani idan yana ganin gobe da kyau, inji yake saya. Idan gabansa ya faɗi, inji yake fara fasawa. Abin da suka fasa yau, nan da rabin shekara zai iso ƙofarmu."

"To me amfanin ganin hadari, kai da ba laima gare ka ba?"

"Shayinki zai huce," in ji shi.

Ni ban iya kashi kaza cikin ɗari ba. Ƙeyarsa nake karantawa. Idan lambar ta hau sai ya sosa ta ya sauka yana tari. Idan ta faɗi sai wuyan ya sandare, ya ajiye kofin a hankali kamar ƙwai ne.

Tsoron da lambar nan ke ba ni ba na yunwa ba ne. Mun sha cin shinkafa da tsamammen kabeji, ba mu mutu ba. Tsorona daga surukina Shigeji ya samo asali.

Ina goyon 'yarmu Chizuru a shekarar da kayan ƙasar nan suka yi tsada a waje suka daina sayuwa. A lokacin Sadao yana aiki a wata babbar masana'anta, ana jira ya ƙware ya dawo ya gaji shagon, saboda haka Baba Shigeji ne kaɗai a ƙasa. Lambar ta yi ta gangarawa, amma injunan ba su fasa ƙara ba. Sai wata safiya ina tsaye a kicin na ji daɓen ya canja a tafin ƙafata. Inji idan yana cin ƙarfe nishi yake yi, katakon benen ya yi ta tsuma, kofuna suna karo da juna a kan kanta. Idan kuwa babu komai a bakinsa, juyi kawai yake, sumul kamar fanka. Daga titi ba a rarrabewa, sai wanda ke zaune a kansa.

Na ce wa surukata, "Mama, yau benen nan ya yi laushi."

Ta dube ni, kallon da ya sa na so a ce ban iya magana ba. Ta ce, "Ɗora ruwan shayi."

Haka Baba Shigeji ya yi ta yankan iska har sanyin shekarar ya fita, don kar layi ya ji shirunsa. Ba wanda ya ce masa uffan. Sannan wata la'asar ya goge injunan, ya zuba gishiri a ƙafafunsu, ya yayyafa giyar shinkafa, yadda ake yi wa injin da za a sallama. Ya ɗauki kwanon wankansa, shi da Mama suka tafi gidan wankan unguwa kamar kullum. Mama ta dawo ita kaɗai, ta ce wataƙila ya tsaya shan giya da abokai. Bayan faɗuwar rana sai ga mai gidan wankan da kanta ta kawo kwanon. Ta ce a gefen ruwa ta same shi, an ɗauraye an kife, sabulu a kai, tawul a ninke.

A nan idan mutum ya yi haka cewa ake yi ya bi tururi. Bai mutu ba, balle a jingine hotonsa a kunna masa turare. 'Yan sanda kuma ba sa wahalar da kansu kan babban mutum da ya fita da ƙafafunsa. Mama ta ɗora kwanon a saman kabad, yana nan har yau. Sadao ya bar aikinsa ya sauka ƙasa ya kunna injin. Bai taɓa ambatar ubansa ba, amma tafiyarsa da tarinsa da yadda yake ninke tawul duk na uban ne, ni kuwa ina gani.

Mazan layinmu, ko da baho a gida, gidan wankan nan suke zuwa bayan tashi daga aiki, wai man inji ba ya jin ruwan gida. Katanga ce ta raba maza da mata, amma ba ta kai rufi ba. Mace idan ta gama sai ta ɗaga murya ta ce za ta fito, mijin ya amsa, su haɗu a ƙofa. Sadao kunya ba ta barinsa ya amsa da baki a gaban mutane. Kwanonsa yake bugawa a kan tayil sau biyu, ƙwas ƙwas. Tun muna amarci haka yake amsa mini, har matan suka riƙa cewa na auri kwano.

Shekaru suka shuɗe, lambar ta hau ta sauka, mun sha wuya mun sha daɗi. Chizuru ta yi aure ta koma Nagoya. Ni ma na daina zuwa gidan wankan, don Mama ta tsufa tana buƙatar mutum kusa. Sai ga shekarar da bankunan Amurka suka durƙushe suka jawo duniya.

Tun kaka wuyan Sadao ya sandare, bai sake saki ba. Wata ya zo, lambar ta faɗi. Wani watan ya zo, ta faɗi ƙasa da inda ta faɗi. Mai karanta labarai ma muryarsa ta koma irin ta mai zuwa ta'aziyya. Wannan karon kuma abin bai jira rabin shekara ba. Bayan hutun sabuwar shekara da kaɗan, ina yanka albasa, sai na lura kofunan kanta sun yi tsit. Injin yana ƙara a ƙasa, amma daɓen ya yi laushi.

Wuƙar ta faɗi daga hannuna. Na juya na dubi Mama, tana zaune ƙafafunta biyu a kan katakon.

"Mama, kin ji abin da na ji?"

"Ƙafafuna sun mutu tuntuni," ta ce. "Ba na jin komai."

Ƙarya take. Matar da daga kwance take gane an canja wa inji wuƙa.

Daga ranar barci da abinci suka zama mini aiki. Sadao yana sauka da safe, ya kunna injuna, ya hawo cin rana hannunsa fes kamar na malamin ofis. Yana da wata lalatacciyar sanda da yake ɗan ferewa kullum don durom ɗin ɓarɓashi da ke ƙofar shago kar ya zauna wayam. Ta taga nake kallonsa yana zuba ɓarɓashin yana bazawa don ya yi yawa a ido.

Abin da ya fi ci masa rai kuwa layin ne. Sanyi ya sa kowa ya rufe ƙofa, amma daga wannan kai zuwa wancan ƙara ce ke tashi kamar ba abin da ya faru a duniya. Kumagai kullum yana kan kekensa, da akwati a baya an rufe da tamfol, keken har rangaji yake don nauyi.

Wata rana suka haɗu a bakin durom, ina jinsu daga sama.

"Nukui! Kai da injin nan naka ba za ku bari mutum ya ji rediyo ba? Ka cinye aikin gari kai kaɗai, ko ɓarɓashi ba ka turo wa tsoho!"

"Ka ji ka. Kai da kekenka bai huta ba tun safe?"

"Aiki ne, ɗan nan, aiki har wuya! Ko lokacin sosa baya ba ni da shi."

Suka yi dariya, kowa ya koma ya ja ƙofarsa. Da rana Sadao ya zauna yana kallon cikin kwanon miyarsa. Can ya ce, ba da ni yake ba, da miyar yake, "Lambar ta ce ƙasa duk ta faɗi. Amma ji layin nan." Ya ture kwanon gefe. "Kumagai ya daɗe bai aiko ba. Mai huda ma haka. Wataƙila sun sami wanda ya fi ni hannu."

Nan na gane inda ciwon yake. Da lambar kaɗai ce, da ya daure, don abin da ya sami kowa ne. Amma rediyo na cewa kowa ya faɗi, layi na cewa kai kaɗai ne. Ni ma kuwa na yarda da layin, don kunne gare ni kamar kowa.

Za a ce me ya hana ni yi masa magana. An raine mu a kan cewa namiji idan ya rufe abu, rufin nan shi ne abin da ya rage masa, ranar da ka yaye shi ranar ka tura shi. Sau nawa ina buɗe baki, sai in ga ƙeyar nan irin ta ubansa, in ce masa ko a ƙara shinkafa.

Abin da na iya shi ne gadi. Na ɓoye babbar rigarsa ta sanyi a ƙarƙashin katifun baƙi, wai mutum ba zai yi nisa ba riga ba. Idan ya fita sayen taba ina jikin taga har ya dawo. Tulun gishirin kicin kuwa na riƙa ɗaga shi ina jin nauyinsa safe da rana. Sannan na koma bin sa gidan wanka.

Matan suka samu abin yi. Hatsue, matar Kumagai, ita ce kan gaba.

"A'a, Fusae! Tsufa ne ya zo miki da soyayya?"

"Bahon gidanmu ne ya yi mini kaɗan."

"Ke dai kika yi masa yawa. Ku matsa wa amarya, angon kwano na jira!"

Na yi dariya tare da su. Tsuneko ce ke kan kujerar tsaron ƙofa yanzu, 'yar matar da ta kawo mana kwanon Baba Shigeji. Na raɗa mata ta sa mini ido a ƙofar maza. Ba ta tambaye ni dalili ba, ta dai gyaɗa kai. Kullum sai in watsa ruwa a gaggauce in kira, in riƙe numfashi har in ji ƙwas ƙwas. Bugun nan biyu su ne abincina na ranar.

A haka muka kai watan da furannin itacen ceri suka fara buɗewa. Ranar lamba ta zo. Sadao ya tsaya gaban rediyo, mai labarai ya ce ta sake faɗuwa. Ina jiran wuyan ya sandare, sai na ga ya saki. Sadao ya yi 'yar dariya, ya shanye shayinsa, ya ce mini, "Shayin yau ya yi daɗi."

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan yabon ba.

Da la'asar na ɗaga tulun gishiri, na ji shi shafal. Na sauka ƙasa da gudu, ni da ba na shiga shagon. Injunan suna ƙyalli kamar ranar da aka kawo su. An jera wuƙaƙe daga babba zuwa ƙarama. A ƙafar kowane inji ga ɗan tsibin gishiri, ɗakin yana warin giyar shinkafa.

"Baban Chizuru, wannan fa?"

"Tsatsa nake gudu," ya ce. Gishiri, wai maganin tsatsa! Ya ɗauki kwanonsa. "Na tafi wanka."

Na hau sama ɗauko nawa, ina gaggawa har sabulu ya suɓuce. Mama tana tsaye a bakin matakala dafe da bango, ita da sai an ɗaga ta take tashi. Ta ce, "Fusae, bar sabulun. Tafi."

Na cim masa a ƙofar gidan wankan. Ya ɗaga labulen maza ya shiga bai waiwayo ba. Na dubi Tsuneko, ta dube ni. Na so in zauna a ƙofar in ƙi shiga, amma ga matan layi suna ja na, kuma mace zaune a ƙofar maza ai ita ma tonon asiri ce. Na shiga. Ko jiƙa jikina ban gama yi ba na ɗaga murya.

"Baban Chizuru, zan fito!"

Ruwa na zuba. Wani na tari, wani na ƙunƙunin waƙa. Babu bugu.

"Baban Chizuru! Na ce zan fito!"

Hatsue tana cikin ruwan zafi da tawul a ka. Ta ce, "Sabulu ya toshe masa kunne. Ke ma kin cika gaggawa, ko bayan kunnenki ba ki wanke ba."

Na kasa kunne. Babu komai. Na yi tunanin fita da gudu, amma tsirara nake, kafin in sa kaya ya kai tashar jirgi, daga tasha kuma ƙasar nan faɗi gare ta. Babu abin da zai riga shi zuwa ƙofa sai murya. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Sadao!"

Ban taɓa kiran sunansa a gaban mutane ba. Matan suka juyo.

"Sadao, na sani! Tun sabuwar shekara injinka iska yake yanka! Ni na sani, Mama ta sani! Babu aiki, to sai me? Mu ci shinkafa da gishiri, mu sayar da injin, mu yi bara in ta kama, amma kar ka kife mini kwano! Kana jina? Kar ka kife mini kwano!"

Gidan wanka ba ya riƙe magana, rufin nan mai tsawo har titi yake kai ta. Aka kashe famfuna ɗaya bayan ɗaya. Kowa tsirara yake a wurin, amma mutum ɗaya na tuɓe, a gaban layi kaf. Na ce a raina shi ke nan, idan ma bai tafi ba yanzu na kore shi.

Sai na ji Hatsue ta ce a hankali, "Namu ma."

Na dube ta. Ta miƙe daga cikin ruwan, tawul ɗin ya faɗi, ta fuskanci katangar.

"Kai tsoho! Ka ji ko? Za ka faɗa ko in faɗa?"

Muryar Kumagai ta zo daga bayan katangar. "Ke, rufe mana baki, a cikin mutane muke."

"Me ke cikin akwatin kekenka? Na ce me ke ciki?"



"Bulo ne," in ji Kumagai. "Bulon katangar baya."

Wani ya fashe da dariya ya haɗiye ta. Sai muryar mai huda, "Ni tun kafin sabuwar shekara." Mai gasa ƙarfe ya ce, "Ni tanda nake hurawa ba komai a ciki. Na ɗauka kun sami wani kun yar da ni." A ɓangarenmu matar mai huda ta rufe fuska da tafukanta tana kuka, wata kuma tana cewa ita tun yaushe kofunanta suka daina motsi. Ashe kowace mace a layin ta ji a ƙafarta, kowacce ta ɗora ruwan shayi. Ashe layi guda ne ya ƙone wutar lantarki tsawon sanyi, kowa yana yi wa maƙwabcinsa ƙarar ƙarya, kowa kuma yana mutuwa da jin ta maƙwabcin.

Ni duk wannan bai shafe ni ba. Bugu nake jira.

Kumagai ya ce, "Nukui, ɗan banza, ashe kai ma? Ka bar ni ina jan bulo kamar jaki! Nukui?" Muryarsa ta canja. "Kai, ina Nukui?"

Wani ya ce, "Ga dai kwanonsa nan. Shi ban gan shi ba."

Na zauna daɓas a kan tayil. Na ga saman kabad ɗinmu da kwano biyu a jere. Na ga kaina na tsufa a saman shago, ba matar aure ba, ba mai takaba ba, ina ce wa jikoki ƙafafuna sun mutu. Hatsue ta riƙe kafaɗata tana magana, ban ji ko kalma ɗaya ba.

Sai ƙwas ƙwas.

Ba kwano ba ne, ba kuma a kan tayil ba. Katako ne, daga nesa, can gaba wajen akwatunan takalma, inda daga nan sai titi.

Na sa kaya a kan jiƙaƙƙen jiki, rigar ma a bai-bai. Da na zo wucewa Tsuneko ta miƙo mini kwanonsa, idonta jawur. Ta ce, "Na buɗe baki zan kira ki sai ya rusuna mini, irin rusunawar da ba a yi wa mai tsaron ƙofa. Muryata ta ƙi fita. Ƙafarsa ɗaya na cikin takalmi lokacin da kika kira sunansa."

"Kwanon fa, yaya aka same shi?"

"A kife. Sabulu a kai."

Yana tsaye a waje gefen labule, gashinsa a bushe, sanye da babbar rigar da na ɓoye. Ashe tuni ya gano maɓoyarta ya kawo ta nan ya ajiye.

"Kin daɗe," ya ce.

"Ka manta kwanonka."

"Eh." Ya karɓa. Muka taho gida, ina riƙe da hannun rigar kamar mai jan akuya daga kasuwa, bai kuma fizge ba. Ban tambaye shi inda ya nufa ba, har yau ban tambaya ba.

Washegari layinmu ya wayi gari shiru, ranar aiki, abin da ban taɓa ji ba tun da aka kawo ni. Har kukan tsuntsaye aka ji, ashe akwai su a unguwar. Mazan suka fito da kujeru ƙofar Kumagai suka zauna suna zagin juna, ana ta ce masa ya kawo bulo a zauna a kai. Aiki bai dawo ba don na yi ihu. Lambar ta daɗe a ƙasa kafin ta ɗago, mai huda bai kai ba, ya rufe shagonsa ya koma ƙauyen matarsa, amma da rana tsaka ya tafi, muka raka shi tasha. Har yanzu ranar lamba ƙeyar Sadao nake kallo, tulun gishiri kuma ban daina ɗagawa ba.

A safiyar shirun nan ce na kai wa Mama shayi. Tana zaune ƙafafunta a kan katakon da ba ya motsi. Ta ce in faɗa mata abin da na ce masa, kar in rage komai. Na faɗa. Ta daɗe tana kallon saman kabad.

"Shi ke nan? Ihu kawai?"

"Shi ke nan, Mama."

Ta juya kofin a tafin hannunta. Ta ce, "Ni ma ranar da ubansa ya tafi ina bayan katangar nan. Na kira shi sau biyu. Na uku ne na ji kunya."